Rabar da Tsofaffin Wuƙaƙen Daji: A Wane Hali, Kuma ga Wa?

Wani dattijo ne ya yi tambaya. Ya daɗe yana tara tsofaffin wuƙaƙen farauta da na kwanan daji, yanzu sun yi masa yawa, 'ya'yansa ba su damu da su ba, shi kuma ba ya son ya sayar. Yana so ya rabar da su ga masu sha'awar wuƙa irinsa. Abin da yake son sani shi ne: ya goge su su yi ƙyalli kafin ya bayar? Ta yaya zai zaɓi wanda zai ba? Kuma ta yaya zai aika wa na nesa?

Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka goge ko ɗaya. Ajiye samfefa, ka nisanci injin wasa, man goge ƙarfe kuma ya zauna a gwangwaninsa. Mutumin da ya san wuƙa, idan ka miƙa masa tsohuwa, kafin ya taɓa kaifinta zai juya ta ya duba gindin ruwanta, inda maƙera suke buga hatimi. Daga nan ya dubi layukan da dutsen masana'anta ya bari a jikin ƙarfen, ya dubi tsinin ko yana nan yadda aka ƙera shi, ya dubi launin da shekaru suka ba ta. Waɗannan su ne shaidar wuƙar, kuma su ne abin da gugar inji take fara cinyewa. Hatimi ya dushe, kusurwoyi su zama mulmulallu, ruwan ya yi sheƙi irin na sabuwar da ba ta da labari. Garin neman gira a rasa ido ke nan, domin ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani nan take. Ruwan wuƙa yana riƙe kaifi ne saboda an taurara shi da wuta, sannan aka sake ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa karyewa. Wannan ɗumamawar a yawancin ƙarfen zamanin da tana faruwa ne a kusa da digiri 200 na ma'aunin Salshiyos. Injin wasa mai gudu yana iya kai siririn bakin wuƙa sama da haka cikin ƙiftawar ido. Idan ka ga bakin ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, to taurin wurin ya tafi, kuma ko an wasa ta sau nawa ba za ta ƙara riƙe kaifi a nan ba sai an cinye ƙarfen har an wuce inda ya ƙone.

Amma fa a rarrabe tsakanin abu biyu da mutane suke haɗawa. Akwai launin toka ko baƙi-baƙi da yake lulluɓe ƙarfen da ba shi da sinadarin hana tsatsa. Wannan ba cuta ba ne, har ma yana ɗan kare ƙarfen. Yawancin wuƙaƙen daji na da an yi su ne da ƙarfe irin 1095, wanda sinadarin kabon a cikinsa ya kusa kashi ɗaya cikin ɗari, ba shi da kuromiyom ɗin da zai hana shi sauya launi. Kafin a kira ƙarfe marar tsatsa sai kuromiyom ɗinsa ya haura kashi 10 cikin ɗari. Saboda haka baƙin da ka gani a jikin tsohuwar wuƙa ɗabi'arta ce, ka bar shi. Jar tsatsa mai gari-gari ita ce abokiyar gaba, domin tana ci gaba da cin ƙarfe tana barin ramuka. Ita kam a tsayar da ita. Ka ɗiga mata mai marar nauyi irin na keken ɗinki, ka bar shi ya kwana, ka goge da tsumma mai taushi. Inda ta yi taurin kai, ka kankare da gefen tagulla ko da tsinken itace mai tauri, domin sun fi ƙarfen laushi, ba za su karce shi ba. Da zarar ja ya daina fitowa a tsumma, aiki ya ƙare. Ramukan da suka rage a bar su, wanda zai karɓa ya gan su da idonsa. Masu ajiye kayan tarihi suna shafa wani kaki mai suna Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihi na Birtaniya a shekarun 1950, kuma ya dace da wannan aikin sosai. Idan babu shi, ɗan mai kaɗan ya wadatar.

Batun wasawa ma haka. Idan wanda za ka ba mai amfani da wuƙa ne, ya fi son ya wasa ta da hannunsa a kusurwar da ya saba. Idan mai ajiya ne, kuma ya tarar wuƙar tana ɗauke da kaifinta na masana'anta, to ka ba shi abin da ya fi daraja a wurinsa. Ta kowane ɓangare, wasawarka ba ta ƙara komai.

Sai kube. A nan ne na fi ganin asara a tarin wuƙaƙen da suka daɗe a ajiye. Fata tana shan danshi daga iska tana riƙewa, kuma akwai sauran sinadaran jima a cikinta. Wuƙar da ta shekara a cikin kubenta takan fito da tsatsa a daidai inda fata ta manne mata. Inda fata ta haɗu da tagulla, kamar a maɓalli ko a madogarar yatsa, sai ka ga wani kore-kore mai maiƙo ya taru. Wannan ana cire shi da tsinke da tsumma, ba wuya. Ka fitar da kowace wuƙa daga kubenta tun yanzu, ka ɗaura musu alama ɗaya da zare don kada su rikice, domin wuƙa da kubenta na asali sun fi wuƙa da kuben aro nesa ba kusa ba. Ko kuben ya tsage, ko ɗinkinsa ya warware, ka bayar da shi tare da ita. Kada ka kai wa baduku ya sabunta shi, kada kuma ka jiƙa shi da mai, fatar za ta yi laushi ta yi baƙi har ta daina riƙe wuƙar. Ƙotar da aka yi da faifan fata a jere, irin ta Ka-Bar da sojojin ruwan Amurka suka fara ɗauka a 1942, ko irin ta Marble's Ideal da Webster Marble ya fitar a garin Gladstone na jihar Mishigan a ƙarshen shekarun 1890, takan bushe ta yi sako-sako. Wannan gyara ne na wanda ya iya, ka faɗa wa mai karɓa kawai.

Akwai nau'i ɗaya da nake so ka duba yau, kada ka bari sai gobe. Wasu tsofaffin wuƙaƙen ninki ƙotarsu ta seluloyid ce, wata tsohuwar roba mai launi kala-kala da ake haɗawa da kafur. Idan ta fara lalacewa tana fitar da iska mai guba ga ƙarfe. Alamarta ita ce ƙotar ta tsuke ko ta tsattsage, kuma tsatsa ta kama sashen ruwan da yake leƙowa waje idan an ninke wuƙar, da kan ƙusoshi. Ba kanta kaɗai take ci ba, duk wuƙar da take akwati ɗaya da ita za ta shafa. Ka ware ta a wuri mai iska, nesa da wuta, domin seluloyid yana kamawa da sauri. Idan za ka bayar da irinta, sai ga wanda ya san halinta, kuma ka faɗa masa a fili. Bai kamata kyauta ta shiga akwatin mutum ta lalata masa abin da ya tara ba.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne rabin kyautar: sanin mece ce wuƙar. Kafin ka raba, ka zauna da kowace ɗaya, ka ɗauki hotonta gaba da baya da na hatiminta, ka rubuta ɗan kati. Hatimi yana faɗin abubuwa da yawa ga wanda ya iya karanta shi. Kamfanin Case na garin Bradford a jihar Fensilbeniya ya fara sa ɗigo goma a ƙarƙashin sunansa a 1970, yana cire ɗaya duk shekara, saboda haka ɗigo bakwai na wancan tsarin yana nufin 1973. Buck 110, wata wuƙar ninki wadda ta fito a 1964, tana ɗauke da wata ƙaramar alama kusa da lambarta tun daga 1986 da take nuna shekarar ƙira, kafin nan kuma ɗigo-ɗigo ake dubawa. Na farkon an yi su da ƙarfen 440C, mai tauri da wuyar wasawa, shi ya sa wasu suke nemansu musamman. Idan ka ga tsohuwar Schrade ko Old Timer da rubutun USA a gindi, to galibi ta fito ne kafin masana'antar ta rufe a 2004. Sunan ya ci gaba bayan nan a hannun wasu, amma yawanci a wata ƙasa ake ƙerawa, kuma masu tara wuƙa ba sa haɗa su a ma'auni ɗaya. Masana'antar wuƙa ta Camillus ma ta rufe a 2007. Opinel ta Faransa ta samu zoben kullewa a 1955, kuma sai a 2000 aka gyara zoben ya riƙa kulle wuƙar ko tana ninke, don haka siffar zoben kaɗai tana rage maka zango. Rubutun W. Germany, wato Jamus ta Yamma, yana nufin tsakanin 1949 da 1990. Wuƙar Mora ta Suwidin mai jar ƙotar itace, idan tana ɗauke da sunan Frosts ko na K.J. Eriksson, ta fito daga ɗaya cikin gidajen ƙira biyu da suka haɗe a 2005.

Ban kawo waɗannan don ka haddace ba. Na kawo su ne don ka ga cewa katin da ka rubuta zai iya ɗaukar gaskiya mai amfani. A kan katin ka raba abin da hatimi ya tabbatar da abin da aka gaya maka. Idan wanda ya sayar maka ya ce wuƙar ta je yaƙi, ka rubuta cewa haka aka ce maka. Kamfanoni da dama ne suka ƙera wuƙar nan da ake kira Ka-Bar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an kuma ci gaba da ƙera irinta shekaru bayan yaƙin, saboda haka kamanni kaɗai ba hujja ba ne. Idan an taɓa sauya ƙota, ko tsinin ya karye aka sake fitar da shi, ko kuben ba nata ba ne, ka rubuta. Dalili shi ne wuƙar ba za ta tsaya a hannun wanda ka ba ba. Wata rana za ta wuce ga wani, kuma abin da ka faɗa a matsayin zato zai isa can a matsayin tabbas. Wuƙaƙe masu suna kamar Randall ta garin Orlando ko Puma White Hunter ta garin Solingen a Jamus, wadda ta fito a 1956, akwai jabunsu a kasuwa. Idan kana shakkar wata, nuna wa wanda ya ƙware a wannan gidan kafin ka sa mata suna.

Kuma tunda na ambaci masu suna: wasu daga cikin wuƙaƙen da ke akwatinka suna iya fin sauran duka daraja a haɗe. Ba ina cewa ka sayar ba. Ina cewa ka san abin da kake bayarwa, ka kuma sanar da iyalinka, don kada wata rana a ce an yaudari dattijo. Kyautar da aka yi da sani ta fi kwanciyar hankali ga mai bayarwa da mai karɓa.

To, wa za a ba? Masu son wuƙa ba iri ɗaya ba ne, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka duk wanda ya ce yana so ya dace da kowace. Akwai mai shiga daji, wanda zai fiɗe dabba da ita, ya fere itace, ya wasa ta har ruwan ya sirance. Shi ka ba shi Mora, ko puukko, wuƙar gargajiya ta Finlan, ko Old Timer da ta riga ta sha aiki. Waɗannan don aiki aka yi su, kuma ajiye su a gilashi bai ƙara musu komai. Akwai mai ajiya, wanda yake bin gida ɗaya ko zamani ɗaya, yana neman shekarar da ta ɓace a jerinsa. Shi ne ya dace da wadda ba a taɓa wasawa ba, mai kwalinta da takardarta. Idan ka ba mai shiga daji irin wannan, ko dai ya lalata abin da ba a samun irinsa, ko ya ji tsoron taɓa ta har ta zama masa nauyi. Akwai mai gyara, wanda daɗinsa shi ne ya karɓi mai karyayyen tsini da ƙota sako-sako ya tashe ta. Duk waɗanda kake jin kunyar bayarwa saboda sun lalace, a wurinsa su ne kyauta mafi daɗi. Sai kuma sabon shiga, wanda bai taɓa riƙe ƙarfe irin na da ba. Kada ka ba shi mafi tsada, ka ba shi mai lafiya wadda zai koyi wasawa da shafa mai a kanta, ba tare da fargaba ba.

Hanyar gane kowa mai sauƙi ce: ka tambaye shi me zai yi da ita. Amsar za ta nuna maka. Wanda ya fara da tambayar hatimi da shekara, mai ajiya ne. Wanda ya tambayi kaurin ruwa da yadda take zama a hannu, mai aiki ne. Wanda duk tambayarsa ta tsaya a kan nawa ake sayar da irinta, shi ma ya faɗa maka ko shi wane ne.

Game da wannan na ƙarshen, ra'ayina yana iya saɓa wa na wasu. Mutane sukan gindaya sharaɗi cewa kada a sayar. Ni ban ga amfaninsa sosai ba. Ba ka da hanyar tilastawa, kuma sharaɗin yana sa mutumin kirki cikin takura idan wata rana buƙata ta kama shi, shi kuwa mai niyyar sayarwa ba zai hana shi komai ba. Abin da ya fi aiki shi ne ka yi zaɓe da kyau tun farko, sannan ka roƙi abu ɗaya mai sauƙi: idan ya gaji da ita, ya miƙa wa wani mai so tare da katinta. Bayan nan ta zama tasa. Haka kuma ban cika son raba wa jama'a ta hanyar wanda ya riga ya samu ba, domin mai saurin hannu yake amfana, ba mai buƙata ba. Idan masu so sun fi wuƙaƙen yawa kuma duk sun cancanta, ƙuri'a a gaban kowa ta fi adalci. Kuma kada ka zuba wa mutum ɗaya guda goma. Ɗaya ko biyu da suka dace da shi zai riƙe su da muhimmanci, goma kuwa akwati za su koma.

Sai doka, kuma a nan ba wasa. Kyauta ba ta fitar da kai daga hukunci, kuma dokar inda mai karɓa yake ita ce abin dubawa tare da taka. A Birtaniya, dokar 1959 da ta haramta wuƙa mai fitowa da danna maɓalli ta haɗa har da aro da kyauta, ba sayarwa kaɗai ba. A can kuma wuƙar da mutum zai iya yawo da ita ba tare da wani dalili ba ita ce ta ninki wadda ba ta kullewa, mai kaifin da bai wuce inci 3 ba. Ke nan Buck 110, da yake tana kullewa, ana iya mallakarta amma ba a yawo da ita haka kawai. A Jamus an hana yawo da wuƙa marar ninki da ruwanta ya wuce santimita 12 sai da dalili karɓaɓɓe. A Amurka dokar tarayya ta 1958 ta taƙaita safarar wuƙa mai maɓalli tsakanin jihohi, kowace jiha kuma tana da nata tsarin. Ka tabbatar mai karɓa baligi ne. Idan yaro kake so ta isa gare shi, ka miƙa wa mahaifinsa ko mai kula da shi, shi ya yanke lokacin da ya dace. Wanda kuma ka ji maganarsa ta karkata ga faɗa ko ramuwa, ka ja hannunka ko da kuwa ka riga ka yi alkawari.

Ka duba ƙota ma kafin ka tsallaka iyaka da ita. Yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji masu fuskantar ƙarewa, wadda ta fara aiki a 1975, ta sa giwar Afirka a jerin mafi tsanani a 1989, kuma ƙoƙon kunkurun teku yana cikin wannan jerin. Tsohuwar wuƙa mai ƙotar hauren giwa tana iya maƙalewa a hannun kwastan ko da kyauta ce, idan babu takardar izini. Irin wannan gara ka ba wanda yake ƙasa ɗaya da kai, bayan ka duba abin da dokar gida ta ce.

Aikawa ba ta da wuya idan an kula da tsini. Ka shafa ɗan mai, ka naɗe ruwan da takarda, ka sa shi tsakanin kwali biyu masu kauri, ka ninka kwali a kan tsinin sau biyu, ka ɗaure da salatef a kan kwalin, ba a kan ƙarfe ko fata ba. Kuben ya tafi a naɗe daban a cikin akwati ɗaya. Ka cike gurbin da ya rage har idan ka girgiza ba ka jin motsi, domin wuƙa mai nauyi da take yawo a cikin kwali tana iya huda shi ta yanki ma'aikacin da bai san abin da ya ɗauka ba. Ambulan ba wurin wuƙa ba ne. Ka tambayi gidan waya ko kamfanin aika kaya ko suna karɓar wuƙa zuwa inda za ta, ka rubuta gaskiyar abin da ke ciki a takardar kwastan, ka zaɓi aikawar da sai an sa hannu. Idan da kanka za ka kai a jirgin sama, sai a jakar da ake aunawa ta shiga ƙasan jirgi, ba a ta hannu ba. Katin da ka rubuta kuma ka sa shi a leda a cikin akwatin, ka ajiye kwafinsa da hotunan a wurinka tare da sunan wanda ka ba.